Sojojin ƙarfe ko na roba: wanne ya fi karɓar fenti, wanne ya fi riƙe shi?

Nura (Kano):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Yayana zai dawo daga Ingila ƙarshen watan gobe, ya ce ya ware mini ɗan wuri a jakarsa. Ina so in fara haɗa rundunar yaƙin Sudan na 1881 zuwa 1885, ɓangaren Ansar, wato mabiyan Mahadi, 'yan ƙananan sojojin wasa masu tsawon milimita 28, na kamfanin Perry. Na ga suna da akwatin roba mai mutum 40, suna kuma da na ƙarfe da ake sayarwa kaɗan-kaɗan a leda. Bambancin kuɗin na gani da idona. Abin da nake tambaya shi ne wajen fenti: wanne ya fi sauƙi ga wanda bai taɓa yi ba, wanne kuma ya fi riƙe fentin idan wasa za a riƙa yi da su a tebur, ba ajiya a kabad ba?

Binta (Manchester):
Wa alaikumus salam. Ka ɗauki roba, ƙanena. Rundunar Ansar ba ta mutum goma ba ce, sai ka cika tebur da su kafin su yi kama da runduna, kuma mai koyo yana bukatar sojoji masu araha da zai ɓata biyar ko shida bai ji ciwo ba. Ga sauƙin haɗawa: ka yanko ɓangarorin daga firam ɗin robar da suke zuwa a manne da shi, ka kankare layin zubi, wato siririn layin da mahaɗar mazubi ke bari a jikin soja, da bayan wuƙa, ka ɗiga gam ɗin roba, shi ke nan. Gam irin Tamiya Extra Thin ko Revell Contacta narkar da fuskar robar yake yi kaɗan, ɓangarorin biyu su haɗe su zama abu ɗaya. Hannun da aka haɗa haka ba ya cirewa don soja ya faɗo daga tebur.

Malam Sabo (Nottingham):
Binta, yaron nan fenti ya tambaya, ke kuma kin tafi wajen gam. Nura, saurara. Ka ɗauki sojan ƙarfe ɗaya na Ansar ka riƙe shi a rana. Dubi ninkin jibbarsa a ƙarƙashin hammata, dubi inda ɗamara ta matse tufa, dubi tsakanin yatsun da suka riƙe mashi. Duk wuraren nan suna da zurfi. Idan ka shafa farin fenti ya bushe, ka bi shi da fentin inuwa mai ruwa-ruwa, ruwan da kansa zai gangara cikin ramukan ya zauna, tudun ya bar shi da haske. Rabin aikin wanda ya sassaƙa sojan ya riga ya yi maka. Mai koyo shi ya fi kowa bukatar wannan taimakon, don hannunsa bai iya zana inuwa inda babu rami ba tukuna.

Binta (Manchester):
Baba Sabo, da girmanku, wannan maganar ta robar da ce. Ku dubi abin da ake fitarwa yanzu. Har ƙorafi mutane ke yi cewa kayan ado sun yi yawa a jikin sojojin Warhammer, wasan yaƙin almara na kamfanin Games Workshop, jaka a nan, sarƙa a can, mutum ya kwana uku bai gama soja ɗaya ba.

Malam Sabo (Nottingham):
Yawan ado daban, zurfin sassaƙa daban. Ki juya sojan robar ki dubi gefensa, daidai inda layin zubi ya bi. Can za ki ga ninkin tufa ya baje ya zama sumul.

Injiniya Kabiru (Kaduna):
Ku ba ni dama in shiga, don aikin roba shi ne abincina, ko da yake bokiti da kujera muke zubawa, ba sojoji ba. Abin da Malam Sabo ya gani gaskiya ne, kuma dalilinsa yana wajen mazubi.

Sojan ƙarfe a cikin faifai biyu na roba mai lanƙwasuwa ake zuba shi, irin robar taya. Ana haɗa faifan a saka a inji yana juyawa da gudu, a kwarara narkakken ƙarfe ta ramin tsakiya, juyin ya watsa shi cikin kowane lungu. Da ya huce sai a buɗe, a ɗan lanƙwasa faifan a zaro sojan. Tun da mazubin yana lanƙwasuwa, ko da sojan yana da lungu da ya shige ciki, zai fito. Shi kuwa sojan roba mai tauri, mazubinsa na ƙarfe ne, gida biyu da suke buɗewa a miƙe. Duk wani lungu da zai maƙale lokacin buɗewa dole a cike shi tun a zane, ko a raba sojan gida-gida kowane ɓangare ya fuskanci inda mazubi ke buɗewa. Shi ya sa sojan ƙarfe yakan zo guda ɗaya ko gida biyu, na roba kuma ka ga kai daban, hannu daban, garkuwa daban. Kamfanonin da ke zana nasu a kwamfuta sun ƙware wajen yanka soja ta wurare masu ban mamaki don su kauce wa wannan, shi ne abin da Binta take gani. Amma akwatin tarihi mai jiki guda da hannaye biyu, gefensa zai ɗan baje, babu makawa.

Nan ne kuma kuɗi ya shigo. Mazubin roba mai lanƙwasuwa araha ne, ƙaramin kamfani mai mutum biyu zai iya yin sa, sai dai yana tsufa da wuri. Mazubin ƙarfe yana cin dubban fam, sai an tabbata za a sayar da akwati da yawa kafin a sassaƙa shi. Shi ya sa dakarun ƙafa da kowa ke bukata da yawa ake yin su da roba, shugabanni da masu tuta da raƙuma da 'yan bindigar igwa a bar su a ƙarfe.

Nura (Kano):
Injiniya, na gode. Kenan ko na so ko ban so ba, zan haɗu da duka biyun?

Malam Sabo (Nottingham):
Haka ne. Su kansu Perry, Alan da Michael, tagwaye ne da suka daɗe suna sassaƙa wa Games Workshop kafin su tsaya kan nasu. Akwatin robarsu na farko, dakarun yaƙin basasar Amurka, a 2008 ya fito, kuma har yau ba su daina ƙarfe ba. Mahayan Baggara, Larabawa makiyaya na Sudan, da raƙuman da za ka so daga baya na ƙarfe ne. A garin nan da kewayensa ga Games Workshop, ga Warlord Games da aka kafa a 2007, ga Perry, ga wasu ƙanana. A kulob ɗin da muke haɗuwa da wuya ka ga mai rundunar tarihi da ba gauraye ba ce.

Awudu (Kumasi):
Sannunku. Ni dai tambayar Nura ta biyu ce ta dame ni, ba wanda ya taɓa ta. Riƙe fenti. Ina da sojojin ƙarfe na yaƙin duniya na biyu, kowane wasa sai na ga hanci ya yi fari, bakin hular kwano ya yi fari, gwiwar hannu ta yi fari. Na roban da na fenta lokaci ɗaya da su ko ƙwarzane babu. To ina amfanin zurfin sassaƙa idan kullum kana cikin gyara?

Binta (Manchester):
Yauwa Awudu. Abin da nake shirin faɗa kenan.

Malam Sabo (Nottingham):
Awudu, ka wanke su kafin ka fara?

Awudu (Kumasi):
Na goge su da tsumma.

Malam Sabo (Nottingham):
Tsumma ba ya yi. Masu zuba ƙarfe hoda suke barbaɗa wa mazubi don ƙarfen ya gudana kuma ya saki, hodar nan tana nan a jikin sojan ko ba ka gan ta ba, ga maiƙon hannun duk wanda ya taɓa shi. Ruwan ɗumi, sabulun wanke kwanuka, tsohon buroshin haƙori, ka cuɗe shi sosai har cikin lungu, ka ɗauraye, ka bar shi ya bushe ƙayau. Kafin wankin ma ka bi layin zubi da ƙaramin magagari, ka cire 'yan zaren ƙarfen da ke fitowa a ƙarshen takobi da ƙasan ƙafa. Bayan haka faraima, wato fentin shimfiɗa da sauran za su hau kansa, ka bar ta ta kwana kafin ka ɗora komai. Ka manna sojan a kan murfin kwalba don yatsanka kada ya taɓa shi har a gama. A ƙarshe banish, ruwan kariya marar launi da ake rufe fenti da shi, kashi biyu: mai sheƙi da farko, sannan marar sheƙi a kai don ya kashe ƙyallin. Wannan tsarin yana da wani amfani: ranar da ka ga gwiwar soja ta fara sheƙi, ka san na saman ya cinye, ka ƙara tun fentin bai taɓu ba.

Injiniya Kabiru (Kaduna):
Duk na yarda, amma ko an yi wannan, ƙarfe zai fi roba ɓantalewa, kuma ba don fenti ya ƙi kama shi ba ne. Nauyi ne. Sojan roba ya faɗi a tebur, ba shi da nauyin da zai ji wa kansa ciwo, robar ma tana ɗan bada kai. Sojan ƙarfe ya faɗi, nauyinsa duka a kan ƙarshen hanci ko bakin garkuwa yake sauka, fentin da ke tsakanin ƙarfe da katako shi ke shan dukan. Biyu suka gogi juna a akwati, kowanne magagari ne ga ɗan'uwansa. Mafi yawan ɓantalewar da Awudu ke gani, na tabbata a hanya take faruwa, ba a wurin wasa ba.

Awudu (Kumasi):
Gaskiya a cikin kwali nake zuba su da auduga.

Mamman (Damagaram):
Salamu alaikum. Ga yadda na magance wannan a nan. Na sami gwangwanin biskit na ƙarfe mai faɗi, na manna ƙaramin maganaɗisu a ƙarƙashin gindin kowane soja. Ka jera su a ciki, kowa ya tsaya a inda ka ajiye shi, ba mai taɓa wani. Na roba ko ka kifa gwangwanin ba sa motsi. Na ƙarfe suna son maganaɗisu mai ƙarfi ko guda biyu, musamman mahaya, domin nauyinsu yana sama. A kan babur nake ɗaukar nawa zuwa gidan abokin wasana, lafiya lau suke isa.

Nura (Kano):
Wannan dabarar ta yi. To faraimar fa? Yayana ya ce ba za a bar shi ya hau jirgi da gwangwanin feshi ba.

Binta (Manchester):
Ba za a bar shi ba kam. Ya sayo maka ta kwalba wadda ake shafawa da buroshi, Vallejo suna yi, akwai fara da toka da baƙa. A kan roba tana kamawa sosai. A kan ƙarfe kada ka yi gaggawa, ka ba ta kwana ɗaya ko biyu, don da farko farce ma yana iya ɓare ta.

Mamman (Damagaram):
Ko ka je wurin masu sayar da fentin mota ka nemi faraima mai launin toka ta gwangwani. A kan ƙarfe ba ta da na biyu, don ƙarfe aka yi ta. A kan roba ka fara gwadawa a jikin firam ɗin da ka yanke sojojin daga ciki, wasu suna da sinadari mai zafi da ke cin fuskar roba idan an fesa da yawa. Fesawa kaɗan-kaɗan, kana wucewa da hannu, ba ka tsaya wuri ɗaya ba.

Sai abin da mutanen Ingila ba za su gaya maka ba: yanayi. Kada ka fesa da tsakar rana a watan Afrilu. Fentin yana bushewa a iska kafin ya isa jikin sojan, ya sauka kamar yashi, duk zurfin da Malam Sabo ke yabo ya cike da gari. Da sassafe ake yi, a inuwa. Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, da ka fesa ka kifa kwali a kansu. Fentin akirilik ɗin ma a kan buroshi yake bushewa kafin ka kai shi. Ka sami roba mai murfi, ka shimfiɗa soso mai laima a ciki, ka ɗora takardar gashin kek a kai, a nan za ka riƙa ɗiga fentinka. Zai yi awoyi bai bushe ba.

Awudu (Kumasi):
Mu a nan akasin haka ne. Laima. Banish marar sheƙi idan ka fesa ranar da hadari ya haɗu, sai ya bushe da fari-fari kamar an barbaɗa gari a kan sojan. Wanda hakan ta same shi kada ya wanke fentin, ya shafa mai sheƙi a kai da buroshi, yawanci farin yana ɓacewa, sannan ya jira ranar da gari ya bushe ya maimaita.

Injiniya Kabiru (Kaduna):
Laimar nan tana shafar sufa gulu ma, wanda shi ne gam ɗin ƙarfe tun da gam ɗin roba ba ya yi masa komai. Da danshin iska yake kamawa. A Kumasi nan take zai kama, a Kano cikin hunturu za ka riƙe hannun soja har ka gaji. Ka huci wurin da bakinka kafin ka haɗa, ko ka ɗan taɓa gefe ɗaya da danshi. Kuma sufa gulu ƙarfinsa a ja ne, bugu daga gefe yana karya shi. Duk wani ɓangare mai nauyi, mahayi a kan doki, wuyan raƙumi, ka huda ɓangarorin biyu da ƙaramin abin huji na hannu, ka yanki kilif ɗin takarda ka soka a tsakani, sannan gam. Wannan aikin shi ne ainihin harajin ƙarfe. Kafin ka taɓa buroshi ka riga ka ɓata yamma guda.

Dakta Hadiza (Gusau):
Ina bin ku tun ɗazu. Kafin Nura ya ɗauki magagari, akwai maganar da ya kamata a yi. Ƙarfen da ake zuba sojojin nan, a da dalma ce mafi yawansa. Mu a nan ba sai an yi mana bayanin gubar dalma ba. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan jihar nan saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ban ce soja ɗaya daidai yake da wancan ba, nesa ba kusa ba. Amma hanyar shiga jiki ɗaya ce: ƙura ta hau hannu, hannu ya tafi baki, kuma ƙananan yara su ne jikinsu ya fi sha. Gidajenmu kuwa cike suke da yara.

Malam Sabo (Nottingham):
Dakta ta yi gaskiya, kuma gara da ta faɗa. Manyan kamfanoni sun bar dalma tuntuni. Ral Partha a Amurka sun canza a 1993, lokacin da jihar New York ta tayar da maganar hana sayar da su, Games Workshop kuma a 1997. Abin da suka koma kuza ce mafi yawa da ɗan gaurayen wasu ƙarafa, ta fi tauri, ta fi wuyar yankawa, ta fi tsada. Amma akwai ƙananan kamfanoni da har yanzu suke sa dalma a gauraye, sannan duk tsohon soja da aka saya hannu na biyu ka ɗauka da ita a ciki. Yayanka ya karanta jikin leda ko ya tambayi mai sayarwa.

Dakta Hadiza (Gusau):
Ko an ce babu, a yi aikin a kan jiƙaƙƙiyar takarda a naɗe a zubar, a wanke hannu da sabulu, ba a ci abinci a teburin. Kuma ɗabi'ar nan ta masu fenti ta lasar bakin buroshi don ya yi tsini, a bar ta. Sojan da aka rufe da faraima da banish ba shi da matsala a hannun babba. Yaro mai sa abu a baki kuwa, ƙarfe ko roba, a ɗaga masa su sama.

Sani (Zariya):
Ku yi haƙuri da katsalandan. Ni sabo ne a zauren. Ba wanda ya taɓa tambayar hukuncin ajiye waɗannan siffofin a gida?

Mai kula da zaure:
Barka da zuwa Malam Sani. Tambaya ce mai kyau, an kuma taɓa yin ta a nan. Matsayarmu ita ce ba mu da malamin da zai ba da fatawa a zauren, kowa ya kai wa malamin da ya amince da shi. Akwai 'yan uwa a cikinmu da suka tsaya kan tankoki da jiragen ruwa da gine-gine kawai saboda wannan, kuma muna wasa tare lafiya. Mu koma kan fenti.

Binta (Manchester):
To bari in ba Baba Sabo abu ɗaya, don adalci. Wajen wanke fenti idan aiki ya ɓaci, ƙarfe ya yi nasara. Ka jefa shi cikin asiton, ruwan goge jan farce, ko tina, ya fito fes kamar sabo, sau nawa ka ga dama. Ka yi wa na roba haka, narkewa zai yi ya zama ɗanko. Roba sai sifirit mai ƙarfi, ko Dettol ɗin nan mai ruwan ƙasa na asali, wanda 'yan wasa a nan suka daɗe suna amfani da shi. Ka jiƙa su kwana ɗaya, ka sa safar hannu, ka cuɗe da buroshin haƙori a cikin Dettol ɗin. Kada ruwa ya taɓa su sai fentin ya gama fita, in ba haka ba ya koma kamar cingam ya manne.

Amma fa a tsakiyar aikin, daga faraima zuwa banish, ni ban yarda akwai bambanci ba. Buroshi a kan faraima yake tafiya, bai san abin da ke ƙasa ba. Ku kawo sojoji biyu masu faraima ɗaya ku ba mutum ya fenta ba tare da ya ɗaga su ba, ba zai gane ba. Fentin Contrast da Games Workshop suka fitar a 2019, wanda shafa ɗaya ke ba da launi da inuwa tare, yana aiki a kan duka biyun muddin shimfiɗar fara ce kuma sumul.

Malam Sabo (Nottingham):
Yana aiki a kan duka biyun, amma ya fi kyau inda akwai rami, kin dawo kan maganata. Kuma kin ce ba tare da ya ɗaga su ba. Ai ɗagawar ita ce wasan. Idan na tura rundunar mahaya gaba a tebur ina son in ji su a hannuna. Wannan ba hujja ba ce ta fenti, na sani, amma kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Mamman (Damagaram):
Mai son nauyi ya manna washa a ƙarƙashin na roba, ya sami nauyin a ƙasa inda yake da amfani, ga shi maganaɗisu zai kama ta.

Wani abu kuma game da Ansar musamman: mashin da ke hannunsu. Mashin ƙarfen zubi yana lanƙwashewa, ka miƙe shi fentin ya tsage, ka sake miƙewa ya karye. Na roba ba ya lanƙwashewa, karyewa yake yi gaba ɗaya, amma gam yana mayar da shi. Masu rundunar ƙarfe da yawa suna yanke mashin su huda hannun su sa na wayar ƙarfe. Ba ya lanƙwasa har abada, sai dai ya soki yatsa.

Sani (Zariya):
Sojojin roba da ake sayar wa yara a kasuwa cikin leda fa, ba za a iya koyo da su ba?

Injiniya Kabiru (Kaduna):
Robar daban ce. Waccan mai laushi ce, irin ta jarka, jikinta kamar da maiƙo, fenti ba ya kama ta, gam ɗin roba ma ba ya narkar da ita. Tsofaffin sojojin Airfix ƙanana irin ta ne, bindiga ta lanƙwashe fentin ya zube. Dabarar da aka daɗe ana yi ita ce a wanke, a shafa gam ɗin kafinta fari da aka tsinka da ruwa, a yi fenti, a sake rufewa da shi. Don koyon riƙe buroshi za su yi. Amma kada mutum ya yanke wa roba hukunci da su. Haka nan akwai wata mai ɗan taushi, PVC, irin ta Reaper Bones, wadda wasu faraimomin feshi ke barin ta da danƙo ba ta bushewa. Kalmar roba ta haɗa abubuwa uku ko huɗu da ba hali ɗaya ne da su ba. Ta akwatin da Nura ke magana mai tauri ce, ita ce mai sauƙin.

Nura (Kano):
Na fahimta. Zan ce ya sayo akwatin roba ɗaya, da leda ɗaya ta shugabanni na ƙarfe in gwada hannuna. Amma tun da an zo nan, bari in faɗi abin da ke raina tun farko. Burina daga baya shi ne in haɗa dakarun daular Usmaniyya na 1903, Kano da Kwatarkwashi da Sakkwato da Burmi. Na ɗauka zan iya juya wasu Ansar ɗin su zama namu.

Malam Sabo (Nottingham):
Ka faɗi haka tun farko mana! Wannan ya canza lissafi. Dakarun ƙafa daga roba za ka yi su, don wuƙa tana yanka ta kamar sabulu, ka cire kai ka sa wani, ka canza hannu. Babbar riga da rawani kuma ka gina su da ƙullin sassaƙa, Milliput ko koren nan mai kala biyu da ake murɗawa, duka suna kama roba da ƙarfe. 'Yan baka za su ba ka aiki, sai ka nemo baka da kwari daga wani akwatin. Mahaya kuwa ka fara daga na Baggara na ƙarfe, ka ɗora wa dokin lifidi da ƙulli, ka zana ɗinkin da bakin allura tun bai bushe ba. Ka wanke dokin kafin ka ɗora ƙullin, ba bayan ba.

Dakta Hadiza (Gusau):
Kuma kana Kano, ba ka bukatar hoton littafi. Hawan sallah ka tsaya inda 'yan lifidi za su wuce ka ɗauki hoto kusa.

Binta (Manchester):
Ka ɗauko har ta baya da ta gefe, ka turo mana a nan. Ina so in ga yadda lifidin ke sauka a kan cinyar doki, da inda ƙura ke taruwa a jikinsa. Fari da ja da shuɗi a kan ɗinki mai rami-rami, fentin inuwa zai zauna a ciki yadda ake so.

Mamman (Damagaram):
Namu na fadar Damagaram ma zan ɗauko, kwalkwalin ya ɗan bambanta. Nura, ka ƙara wa yayanka a jerin saƙo: abin huji na hannu da bakinsa na milimita ɗaya, guda uku ko huɗu don suna karyewa, da maganaɗisu ƙanana. Kilif da washa da gwangwani duk akwai su a Sabon Gari.